"Na Nawa Ka Zo?": Ra'ayi a Kan Yaron da Bai Damu da Zuwa Na Ɗaya Ba

A ƙarshen kowane zangon karatu akwai tambayar da ke jiran yaro a bakin ƙofar gidansu, kuma tun kafin ya sauke jakarsa za a jefa masa ita: "Na nawa ka zo?" Ba kasafai ake tambayarsa abin da ya koya ba, ko darasin da ya fi ba shi wahala, domin lambar nan da malamin aji ke rubutawa a saman takardar sakamako ta riga ta zama ma'aunin da iyaye ke auna ɗa da shi. Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar sakandare ta kwana, kuma da hannuna na sha rubuta wannan lamba, shi ya sa nake ganin ina da hakkin faɗin abin da na daɗe da gamsuwa da shi. Yawancin yaran da muke zargi da halin ko-in-kula game da maki da gasa da kintsa kaya ba lalatattu ba ne, halittarsu ce ta bambanta da abin da makaranta ke sakawa da lada, kuma yadda muke mu'amala da su shi ne ke mayar da wannan bambanci ya zama rauni.

Akwai wani yaro da na riƙe ajinsu a shekara ta 2 ta ƙaramar sakandare, wanda har yau nake tunawa da shi duk lokacin da aka tayar da wannan magana. A aji mai ɗalibai 54 yakan zo na 30 da wani abu, kuma idan aka miƙa masa takardar sakamako sai ya ninke ta gida huɗu ya cusa a aljihun wando ba tare da ya duba ba. Ranar Asabar, da ake zagayen duba ɗakunan kwana, gadonsa ne ke jawo wa ɗakinsu asarar maki: zanin gado a karkace, akwati a buɗe, sabulu da littattafai da guntayen waya duk a cakuɗe. An yi masa bulala, an sa shi yankan ciyawa, manyan ɗalibai sun yi masa horon da ya wuce kima, amma Asabar mai zuwa haka za a sake tarar da gadon. Sai dai wannan yaron shi ne wanda na taɓa samu bayan sallar La'asar a bayan ɗakin gwaje-gwaje, ya baje cikin wata matacciyar rediyo a kan takarda, yana bin wayoyinta ɗaya bayan ɗaya da tsinken ashana, kuma har aka kaɗa ƙararrawar cin abinci bai ɗaga kai ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙananan kusoshin da ya kwance ya jera su a layi bisa tsarin da ya cire su, domin kada ya rikice wajen mayarwa. Yaron da aka ce bai san tsari ba, ga shi ya san tsari sarai a inda ya ga amfaninsa.

Ranar ziyarar iyaye mahaifinsa ya same ni a ofis, bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ka taimake ni da yaron nan, ba shi da zuciya. Ƙanensa ya zo na biyu a makarantarsu har ya yi kuka, shi kuwa ko a jikinsa." Na ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri, za mu ƙara matsa masa." Abin da na yi ke nan kuwa, na ƙara matsa masa, kuma matsin bai ƙara masa ko maki ɗaya ba, illa dai ya daina zuwa ya nuna mini abubuwan da yake haɗawa.

Kalmar da Alhaji ya yi amfani da ita ita ce tushen matsalar. A wajenmu "zuciya" tana nufin kishin kai da ƙin yarda a wuce mutum, kuma mun ɗauka cewa duk wanda bai ji zafi ba idan aka wuce shi, to zuciyarsa ta mutu. Amma masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa wannan jin zafin ba a raba shi daidai tsakanin mutane ba. A tsarin da ya fi karɓuwa a wajensu ana kasa hali gida biyar, ɗaya daga ciki shi ne wanda za a iya kira kula da cika aiki. Masana biyu 'yan Amurka, Paul Costa da Robert McCrae, a ma'aunin da suka fitar a 1992 sun sake rarraba wannan kaso zuwa rassa shida, kuma a cikinsu son tsari reshe ne daban, kwaɗayin cin nasara reshe ne daban, riƙon alƙawari da sauke nauyi shi ma reshe ne daban. Ana iya samun mutum mai tsananin amana wanda teburinsa kamar kasuwa ta watse, kamar yadda ake samun mai guge riga har ta yi ƙyalli amma ba ya cika alƙawari. Duk wanda ya zauna da mutane ya san haka tun kafin a rubuta shi, sai dai takardar sakamakonmu ba ta san da shi ba.

Binciken da aka yi a kan tagwaye ya ƙara haske. A 1979 Thomas Bouchard na Jami'ar Minnesota ya fara bibiyar tagwayen da aka raba tun suna jarirai, kowane ya tashi a gida daban, aka tarar da kamanceceniyar hali tsakaninsu mai ban mamaki. Idan aka haɗa ire-iren waɗannan bincike, abin da ake samu shi ne kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin hali tsakanin mutane yana da alaƙa da gado. Wannan ne ya sa uwa ɗaya uba ɗaya, tukunya ɗaya, tarbiyya ɗaya, amma ɗaya ya yi kuka don ya zo na biyu, ɗaya kuma ya ninke takardar na 30 ya cusa a aljihu. Mu Musulmi ma ba baƙon zance ba ne a gare mu. Allah Maɗaukaki ya ce a cikin Suratul Isra'i, aya ta 84, kowa yana aiki ne bisa tasa hanya da ɗabi'a. A lokacin da tawagar Abdul Ƙais ta iso Madina, jama'arta suka yi ta rige-rigen sauka daga ababen hawa domin su isa wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amma Ashajju ya tsaya a baya ya kintsa a natse sannan ya iso. Manzon Allah ya gaya masa yana da halaye biyu da Allah ke so, haƙuri da rashin gaggawa, kuma a ruwayar Abu Dawud, da ya tambaya ko shi ya koya wa kansa su ko da su aka halicce shi, sai aka ce masa Allah ne ya halicce shi a kansu. Wanda bai shiga rige-rigen ba shi aka yaba a ranar.

Kada a fahimce ni da cewa a bar yaro ya yi yadda ya ga dama don an ce hali zanen dutse ne. Ragowar kason nan da ba na gado ba ya kai rabi ko fiye, kuma a nan ne tarbiyya da makaranta da abokai da abin da rayuwa ta koya wa mutum suke aikinsu. Haka kuma rashin damuwa da maki yana da farashi, musamman a ƙasarmu. Wani nazari da Arthur Poropat ya wallafa a 2009, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa, ya nuna cewa a cikin kason hali biyar ɗin nan, kula da cika aiki shi ne ya fi hasashen irin makin da ɗalibi zai samu. A Najeriya kuwa ƙofar jami'a ƙunci gare ta: sai da kiredit 5 a WAEC ko NECO, har da Turanci, sannan ga jarrabawar JAMB da ake yi a kan maki 400, wadda sama da matasa miliyan 1.9 suka zauna a 2025. Hukumar da ke tantancewa ba za ta tambayi yaro ko ya iya gyaran rediyo ba. Saboda haka duk uban da ya damu yana da hujjar damuwa, kuma malamin da ya ce wa irin wannan yaro maki ba komai ba ne ya cuce shi. Abin da nake ja da shi shi ne hanyar da muke bi, domin muna ƙoƙarin kunna wa yaro wutar da babu makamashinta a jikinsa, alhali akwai wata wutar da ke ci a cikinsa wadda ba mu kula da ita ba. Yaron rediyo ba zai taɓa yin karatu don ya wuce na kusa da shi ba, amma da na nuna masa cewa lissafin da yake gudu shi ne zai bayyana masa dalilin da ya sa wata waya ke zafi wata ba ta yi, kuma kiredit 5 ne mabuɗin makarantar da ake koyar da wannan, da wataƙila ya riƙe littafin da hannu biyu.

Batun tsabta yana buƙatar a rarrabe shi da kyau, domin a nan ne muka fi yin kuɗin goro. Ƙazanta daban, rashin kintsi daban. Tsarkin jiki da tufafi da wurin sallah wajibi ne, hadisi ya ce tsarki rabin imani ne, kuma wanke hannu da rufe abinci da kawar da shara su ne ke tsakaninmu da kwalara da ke ziyartar garuruwanmu duk damina. A nan babu uzurin hali, kowa sai ya yi. Haka ma idan watsa kayan mutum ya shiga hakkin wanda suke ɗaki ɗaya, dole a tsawata masa, domin zaman tare yana da ƙa'ida. Amma ninke zanin gado har kusurwarsa ta tsaya cak, ko jera takalma bisa tsawo, wannan sha'awa ce da wasu ke da ita wasu ba su da ita, kuma mayar da ita ma'aunin tarbiyya zalunci ne. Yaron da nake magana a kansa yana wanka, yana wanki, ba a taɓa jin wari a jikinsa ba, kuma ba ya makara a sallah, amma a sashen ɗabi'u na takardar sakamako, inda ake ba da maki daga 1 zuwa 5, na sha ba shi 1 a gurbin tsabta. 'Ya'ya mata kuwa abin ya fi yi musu nauyi nesa ba kusa ba. Namiji mai watsa kaya ana cewa zai yi hankali, amma yarinya tun tana shekara 10 za a fara yi mata gorin "wa zai aure ki a haka?", a liƙa mata sunan ƙazama a gaban baƙi, ko da kuwa ita ce ta fi kowa tausayi da riƙon amana a gidan. Na ga 'yan mata masu kaifin basira da wannan suna ya bi su har ɗakin aure.

Ita kuma gasa, akwai hujjar da ke nuna cewa al'ada tana da hannu a kan wanda ke sonta. A 2009 masana tattalin arziki uku, Uri Gneezy da Kenneth Leonard da John List, sun wallafa wani gwaji da suka yi a tsakanin Masai na Tanzaniya, inda maza ke riƙe da komai, da kuma Khasi na arewa maso gabashin Indiya, inda gado da dangantaka ke bin ɓangaren uwa. Aikin mai sauƙi ne, jefa ƙwallo cikin bokiti sau 10, kuma mutum zai zaɓa ko a biya shi bisa abin da ya ci, ko kuma ya kara da wani a ninka masa lada idan ya yi nasara. A cikin Masai kusan rabin maza sun zaɓi karawa, mata kuwa kashi 26 cikin 100. A cikin Khasi lamarin ya juya, mata kashi 54 suka zaɓi karawa, maza kashi 39. Abin da ya fi jan hankalina a wannan sakamako shi ne, ko a rukunin da ya fi son gasa, kusan rabin mutanen sun ce a biya su iya abin da suka yi kawai. Ashe ƙin gasa ba ciwon wasu tsirarun yara ba ne, hali ne na kaso mai yawa na 'yan Adam a kowace al'umma.

Lambar matsayi a aji tana da wani aibi da ba ya gyaruwa, wato kujerar na ɗaya guda ce tak. A makarantun gwamnati inda aji ɗaya kan ɗauki yara 80 ko fiye, ko da kowa ya ninka ƙoƙarinsa sai an sami na 80. Yaron da ya tashi daga maki 35 zuwa 55 a Lissafi ya yi babban aiki, amma idan sauran ma sun motsa, lambarsa ba za ta canza ba, kuma a gida lambar za a duba. Rige-rigen da Alƙur'ani ya kwaɗaitar a kai, na ayyukan alheri, bai yi kama da wannan ba, domin samun wani ba ya rage rabon wani. Sannan lada irin wannan yana iya kashe sha'awar da ake da ita tun farko. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun ɗauki ƙananan yara masu son zane, suka yi wa wasu alƙawarin takardar yabo idan sun yi zane, wasu kuma ba a yi musu alƙawarin komai ba. Da aka dawo bayan 'yan kwanaki aka ajiye musu alƙaluma ba tare da wani lada ba, waɗanda aka yi wa alƙawarin sun rage zanen sosai idan aka kwatanta da sauran. A wajenmu sakamakon ya wuce nan, domin inda lamba ta zama komai, satar amsa kan zama dabara, kuma cibiyoyin jarrabawar da iyaye ke biyan kuɗi mai yawa don 'ya'yansu su "ci" ba daga sama suka faɗo ba.

Akwai wani nau'in ko-in-kula da ya kamata ya tayar mana da hankali, kuma abin takaici shi ne wanda muka fi kasa ganewa. Wani yaron da ke cewa bai damu ba, a da ya damu ƙwarai. Ya yi ƙoƙari zango bayan zango, lambar ba ta motsa ba, an kira shi daƙiƙi a gaban aji, an karanto sunansa a ƙarshen jeri a filin taron safe, sai ya gano cewa cewa "ko oho" ya fi sauƙi a kan a sake ganin gazawarsa. Martin Seligman da Steven Maier sun bayyana irin wannan yanayi tun a 1967: halitta idan ta saba da cewa ƙoƙarinta ba ya canza komai, sai ta daina ƙoƙari ko da hanya ta buɗe. Yadda na koyi bambance su biyun shi ne in duba ko akwai wani abin da ke haskaka idon yaron. Mai halin rashin son gasa yana da abin da yake so, ko kiwon tattabaru ne, ko zane, ko haddar Alƙur'ani, ko kwance inji, kuma yana cin abinci yana dariya da abokai. Wanda aka karya kuwa babu abin da ke motsa shi, ya janye daga mutane, kuma idan yaron da aka sani da kintsi ya wayi gari ya daina wanka da wanki, wannan alama ce ta damuwa ko wata cuta da ke buƙatar a zauna da shi, wani lokaci ma a kai shi asibiti. Shi wannan na biyun, a mafi yawan lokuta, tsarin jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ne ya samar da shi.

Saboda haka ra'ayina shi ne a cire lambar matsayi daga takardar sakamako a firamare da ƙaramar sakandare, a maye gurbinta da makin yaro na wannan zango kusa da na zangon da ya wuce, tare da bayyana mafi ƙarancin abin da ake buƙata a kowane darasi. Wannan ba mafarki ba ne. Singafo, ƙasar da ɗalibanta suka zo kan gaba a gwajin PISA na duniya, wanda ake kwatanta ƙwazon ɗaliban ƙasashe da shi, a 2015 da 2022, ta daina rubuta matsayin ɗalibi a aji a littafin sakamako tun daga 2019, bayan da ta daina sanar da sunayen waɗanda suka fi kowa maki a jarrabawar kammala firamare tun 2012. Mu ma muna da namu misalin a gida. A makarantar allo kowane almajiri yana tafiya ne da saurinsa, wani yana Sabbi wani ya kai Yasin, ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma daga wannan tsari ne aka sami alarammomi da gwanaye. Duk matsalolin da ke tattare da almajirci a yau, wannan hikima tasa ba ta cikinsu. Masu son karawa kuma ba a hana su ba, ga musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, ga kacici-kacici da muhawara da wasannin motsa jiki, waɗanda mai so yake shiga da ƙafarsa.

Za a ce cire lambar zai kashe wa haziƙai gwiwa. Wanda ya taɓa raba takardun jarrabawa a aji ya san ba haka ba ne, domin yara uku ko huɗun da ke kokawar na ɗaya, kafin malam ya kai ƙofa sun riga sun haɗa kai sun lissafa wanda ya fi. Ba sa buƙatar makaranta ta zuga su. Sauran 'yan ajin ne lambar ke yi wa magana, kuma abin da take gaya musu ba ya ƙara musu komai. Haka kuma iyaye su sani cewa lokaci yana aikinsa. Wani babban nazari da Brent Roberts da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya nuna cewa kula da cika aiki yana ƙaruwa a jikin mutane yayin da suke girma, musamman daga shekara 20 zuwa 40, lokacin da sana'a da aure da 'ya'ya suke ɗora wa mutum nauyi. Ɗan shekara 13 mai watsa kaya bai gama zama abin da zai zama ba, amma sunan da aka liƙa masa a wannan shekarun yana iya riga halinsa zama.

A ƙasan takardar sakamako akwai ɗan gurbin da aka ware wa malamin aji ya faɗi ra'ayinsa. Zango uku a jere abin da na rubuta wa yaron rediyo a wurin shi ne "Ba ya mai da hankali, ya ƙara ƙoƙari," kuma wannan jimla ita mahaifinsa ya karanta ya gaskata. Ba gaskiya na rubuta ba, domin na gan shi da idona ya mai da hankali na tsawon awa biyu a kan abu ɗaya, irin mai da hankalin da ban gani ba a wajen wanda ya zo na ɗaya. Abin da ya kamata in rubuta shi ne cewa yaron yana da haƙuri da basirar aikin hannu da ba kasafai ake samu ba, yana buƙatar ƙarin maki 15 a Lissafi kafin ya kai matakin da ake so, kuma zan zauna da shi duk ranar Laraba bayan La'asar har sai ya kai.